Alfred Marshall: Malamin da ya zana wa duniya almakashin kasuwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin farko na ilimin tattalin arziki, a Kano ne ko a Zariya ko a Sakkwato, ya san wani zane da ba ya ɓacewa daga allo. Layi biyu ne da suka gitta juna. Ɗaya ya gangaro, yana nuna yawan kayan da masu saye ke so a kowane farashi; ɗayan ya hau, yana nuna yawan da masu sayarwa za su yarda su fito da shi. Inda suka haɗu, in ji malami, nan farashi yake zama. Da wannan zane ake buɗe darasin ƙaramin tattalin arziki, wato reshen da ke nazarin shawarar mutum guda da gida guda da kamfani guda, kuma da shi ake ci ko a faɗi a jarrabawa.

Zanen dai bai tsaya a aji ba. Bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a garuruwa da dama cikin 'yan kwanaki, kuma hujjar da jami'ai suka yi ta nanatawa ita ce a bar buƙatar kaya da wadatarsu su yanke farashi. Ko sun sani ko ba su sani ba, sun ari bakin wani Bature ne da ya rasu kusan shekara ɗari kafin wannan rana. Sunansa Alfred Marshall. Wasu sun riga shi zana layukan, cikinsu har da Bafaranshe Cournot a 1838 da injiniya Fleeming Jenkin a 1870, amma shi ne ya haɗa su cikin tsari guda, ya rubuta littafin da ya shigar da su jami'o'i, ya kuma kafa makarantar da ta yaye malaman da suka yaɗa su. Abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba shi ne dalilin da ya sa ya shiga wannan fage, da irin sharuɗɗan da ya gindaya wa zanen nasa.

An haife shi ranar 26 ga Yulin 1842 a Landan. Ko a nan ma akwai abin bincike. Shahararren ɗalibinsa John Maynard Keynes, a tarihin da ya rubuta bayan rasuwar malamin, ya ce an haife shi a Clapham, unguwar masu rufin asiri. Sai a 1984 wani masanin tattalin arziki, Ronald Coase, ya bi takardun haihuwa da na aure, ya gano cewa a Bermondsey aka haife shi, unguwar majema da leburori, mahaifinsa a lokacin ƙaramin akawu ne a Bankin Ingila, mahaifiyarsa kuwa 'yar mahauci ce. Iyalin sun binne wannan asali shekara da shekaru, a ƙasar da asali ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta.

Mahaifin, William Marshall, mutum ne mai tsananin addini da zafin hali, har ƙasida ya rubuta kan haƙƙin maza da wajibin mata. Burinsa ɗan ya zama limamin coci, don haka yakan tsare shi da karatun Ibrananci har ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Lissafi kuwa ya tsane shi. Yaron yakan ɓoye littafin lissafi a aljihu, ya riƙa karantawa a hanyarsa ta zuwa makaranta da dawowa. Da ya gama sakandare aka ba shi gurbin karatu kyauta a Oksfod, hanyar da za ta kai shi ga limanci. Ya ƙi. Wani baffansa da ya yi arziki a Ostireliya ya ba shi rance, ya tafi Kambirij ya karanta lissafi, kuma a 1865 ya zo na biyu a jarrabawar ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya shi ne ya zama Lord Rayleigh, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a kimiyya.

Daga lissafi ya faɗa falsafa, daga nan ya koma nazarin ɗabi'a, yana neman sanin ko dole ne a ce wasu an haife su ne kawai don wahala. Wani abokinsa ya nuna masa cewa ba zai iya amsa wannan tambaya ba sai ya san yadda dukiya ke samuwa da yadda ake raba ta, sai ya ɗauki littafin John Stuart Mill. Lokutan hutu ya riƙa shiga unguwannin matalauta a birane daban-daban, yana bi lungu-lungu yana duban fuskokin mutane. A wannan zamani ne ya ga zanen fuskar wani mutum da yunwa ta rame a tagar wani kanti, ya saya da 'yan sulalla, ya rataye a ɗakinsa, domin ya riƙa tuna masa da wanda yake yi wa aiki duk lokacin da daɗin lissafi ya nemi ɗauke masa hankali. A 1875 ya yi wata huɗu a Amurka yana zagaya masana'antu, don ya gani da idonsa yadda ƙasa mai tasowa ke kare kayanta da harajin shigo da kaya.

Ɗalibar da ta zama matarsa

A farkon shekarun 1870 Marshall na cikin malaman da suka yarda su koyar da mata a Kambirij, lokacin da jami'ar ba ta san da zamansu ba. Cikin ɗalibai biyar na farko da suka zauna a gidan da ya zama Kwalejin Newnham akwai Mary Paley, 'yar wani limamin coci. Marshall ne ya ƙarfafa mata gwiwa ta zauna jarrabawar da maza ke zama, a 1874. Ta ci, amma ba a ba ta digiri ba, domin doka ba ta tanadi haka ba. Shekara guda bayan nan ta fara koyar da tattalin arziki a Newnham. An nemi ta rubuta ƙaramin littafi don masu karatun yamma, da aka yi musu baiko sai aikin ya zama nasu su biyu. Littafin, The Economics of Industry, ya fito a 1879 da sunayensu duka.

Sun yi aure a 1877. Dokar kwalejinsa a lokacin ta hana malamin da ke cin albashinta yin aure, saboda haka ya ajiye muƙaminsa, suka koma Biristol, inda ya zama shugaban farko na sabuwar kwalejin jami'a da ke garin. Aikin mulki da yawon neman gudummawa bai karɓe shi ba, ga kuma ciwon tsakuwar ƙoda da ya kama shi, har Mary ta riƙa ɗaukar wasu azuzuwansa. A 1881 ya sauka daga shugabancin, suka tafi Palermo ta Italiya jinya. A kan rufin masaukinsu, kamar yadda Mary ta ba da labari daga baya, ya gano ma'aunin da ɗalibai ke kira ilastisiti. Bayan ɗan zama a Oksfod, sai ya koma Kambirij a farkon 1885 a matsayin farfesa, kujerar da ya riƙe shekara 23.

Babban littafinsa, Principles of Economics, ya fito a 1890, bayan kusan shekara goma yana sassaƙa shi. Kafin nan masana sun rabu biyu. Tsofaffin, bin sawun Ricardo da Mill, suna ganin kuɗin da aka kashe wajen samar da kaya shi ke yanke darajarsa. Sababbin, irin su Jevons, suna ganin amfanin da mai saye ke samu ne. Marshall ya ce gardamar tamkar tambaya ce kan wane bakin almakashi ne ke yanka takarda, na sama ko na ƙasa. Wannan misali kowa ya haddace shi. Abin da ya biyo baya, wanda ya fi muhimmanci, shi ne lokaci.

Shi da kifi ya yi bayani. Mu ɗauki tumatir. Ranar kasuwa, kwandunan da suka iso daga Kadawa ba za su ƙaru ba, kuma ba sa jure kwana. A wannan rana buƙatar masu saye ce ke da iko, ko nawa manomi ya kashe a taki da ban ruwa. In farashi ya yi kyau ya ɗore, baɗi manoma za su ƙara fili da injinan da suke da su, kaya ya ƙaru, farashi ya ɗan sauko. In an yi shekaru a haka, sai a haƙa sababbin rijiyoyi, a kafa masana'antar markaɗe, samari su bar wata sana'a su shigo wannan, farashi ya koma kusa da ainihin kuɗin nomawa. Kasuwa guda, amsa uku, gwargwadon tsawon lokacin da ake magana a kai. Don haka duk wanda ya ce kasuwa za ta daidaita kanta, ɗalibin Marshall na gaskiya zai tambaye shi: nan da yaushe, kuma wa zai ɗauki nauyin kafin lokacin?

Ilastisiti ne ke amsa rabi na biyu na tambayar. Ma'auni ne na yadda buƙata ke miƙewa ko ta ƙanƙance, kamar danƙo, idan farashi ya motsa. In tufafin ado ya yi tsada, mutane su haƙura, ciniki ya faɗi. In gishiri ya yi tsada, a saya haka nan. Fetur ga ɗan acaɓa da mai injin niƙa da manomin rani ya fi kama da gishiri: ba su da madadi a yau, ko da nan da wasu shekaru za su koma ga hasken rana ko iskar gas. Wanda ba shi da mafita shi ke biya. Wannan ba tsokacin 'yan adawa ba ne, yana cikin darasin da ake koyarwa a zangon farko.

Akwai kuma gargaɗin da Marshall ya maimaita a littafin, cewa sule ɗaya a hannun matalauci ya fi sule ɗaya a hannun mai hali nauyi. Layin buƙata yana ƙidaya kuɗi ne, bai san yunwa ba. Wanda ba shi da ko sisi ba ya fitowa a zanen, komai tsananin buƙatarsa. Marshall ya san haka, shi ya sa ya yi taka-tsantsan da wani ma'aunin nasa, rarar mai saye, wato bambanci tsakanin abin da mutum zai yarda ya biya da abin da ya biya a zahiri. Ya nuna cewa tara rarar mutane wuri guda na iya yaudara idan aljihunsu ba ɗaya ba ne. A bugu na uku, a 1895, ya ƙara wani abin lura da ya danganta ga masanin ƙididdiga Robert Giffen: idan burodi ya yi tsada, iyalan da suka fi talauci na iya ƙara sayensa, domin kuɗin nama ya ƙare, kuma har yanzu burodin ne abinci mafi araha. Masana sun daɗe suna jayayya kan ko hakan ya taɓa faruwa a Ingila. Amma uwar gidan da ta daina sayen kifi da man gyaɗa don ta ƙara mudun garin kwaki ba ta buƙatar a fassara mata.

Sharaɗin ƙarshe shi ne wanda malamai ke rubutawa da Latin a gefen allo, wato in dai sauran al'amura ba su canza ba. Marshall ya kwatanta shi da kulle dabbobi a shinge na ɗan lokaci, don a samu a duba guda ɗaya da kyau, da niyyar a sake su daga baya. A duniyar gaske farashin mai da darajar naira da tsaron hanya da damina duk tare suke motsi.

Wani abin mamaki ga mai buɗe littafin a yau shi ne ƙarancin zane a cikinsa. Mutumin da ya zo na biyu a lissafi a Kambirij ya tura zane-zanensa ƙasan shafi, ya kai lissafin can ƙarshen littafi, domin yana son 'yan kasuwa da shugabannin ƙwadago su iya karantawa. A wata wasiƙa da ya aika wa tsohon ɗalibinsa Arthur Bowley a 1906, ya ba da shawarar a yi amfani da lissafi a matsayin gajeren rubutu kawai, a mayar da sakamakon zuwa magana, a kawo misali daga rayuwa, sannan a ƙone lissafin. In misali ya gagara, a ƙone maganar ma. Tarihi ya yi masa akasin haka. Abin da ya ɓoye a ƙasan shafi shi ya zama manhaja, dogayen shafukansa kan albashi da gidajen ma'aikata da ilimin 'ya'yan talakawa, waɗanda ya ɗauka jari mafi daraja da al'umma za ta zuba, su ne aka bari a kanta. Hatta ɗora farashi a layin tsaye, abin da ke rikita ɗaliban da suka zo daga ajin lissafi, gadonsa ne da ba wanda ya gyara.

Har sunan fannin ya taɓa. Kafin zamaninsa ana kiransa tattalin arzikin siyasa. Tun a littafin 1879, shi da Mary suka kawo hujjar a jefar da kalmar siyasa, domin a ganinsu ta koma nufin muradin wani ɓangare maimakon na ƙasa baki ɗaya. Niyyar ba ta da laifi, amma sakamakonta ya yi wa masu mulki daɗi: shawarar da ɗan siyasa ya yanke, da wanda za ta amfana da wanda za ta cuta, sai a gabatar da ita a matsayin hukuncin kimiyya. Marshall kansa bai guje wa siyasa ba. Ya shugabanci taron ƙungiyoyin gama kai a 1889, ya zauna a hukumar da gwamnati ta kafa kan matsalolin ƙwadago daga 1891 zuwa 1894, kuma a 1903 ya sa hannu a takardar da masana suka fitar don adawa da shirin Joseph Chamberlain na dawo da harajin kariya. A wannan shekara ta 1903, shekarar da sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato, ya yi nasarar da ya fi nema: Kambirij ta amince tattalin arziki ya zama digiri mai zaman kansa, bayan ya daɗe a ƙarƙashin falsafa da tarihi.

Mai karatu daga wannan yanki zai ci karo da wasu shafuka da za su ɓata masa rai. Marshall ɗan daular mulkin mallaka ne, kuma ya rubuta cewa zafin ƙasa na rage wa mutane kuzari, ya jera al'ummomi hawa-hawa, Ingilishi a sama. Mutumin da ya ƙi yarda cewa talaucin leburan Landan halitta ce, ya yarda da kusan haka game da mutanen da bai taɓa gani ba.

Ƙuri'ar 1897

Mafi munin abin da ke cikin tarihinsa a cikin gidansa ya faru. Da shekaru suka ja, malamin da ya tura Mary zauren jarrabawa ya juya wa ilimin mata baya. Lokacin da aka kawo shawarar a fara ba mata digiri a Kambirij, ya fitar da takarda a 1896 yana suka, yana mai ganin wurin mace gida ne, kuma mata sun fi gwaninta a haddar darasi fiye da ƙirƙirar sabon tunani. A watan Mayun 1897 aka kaɗa ƙuri'a, masu adawa suka yi rinjaye da 1,713 a kan 662. Tsofaffin abokansa da suka fara gwagwarmayar tare, irin su Henry Sidgwick, sun ji zafin abin.

Littafin da suka rubuta tare ma bai tsira ba. Yana cikin samun kasuwa Marshall ya bari ya ƙare ba a sake bugawa ba, ya riƙa kushe shi, sannan a 1892 ya fitar da wani mai kusan irin sunan, da sunansa shi kaɗai. Mary ba ta yi ƙorafi a bainar jama'a ba. Ta ci gaba da koyarwa a Newnham, tana gyara masa rubutu, tana tsare ƙofa don kada baƙi su gajiyar da shi. Ko nawa ne nata a cikin abin da duniya ta sani da sunansa, shi dai bai taɓa ba ta matsayin abokiyar aiki a bangon wani littafi ba bayan na farkon. Da wuya mutum ya karanta wannan bai tuna da ƙasidar mahaifinsa ba.

A 1908 ya yi ritaya, ya kuma yi ruwa ya yi tsaki sai da aka ba ɗalibinsa Arthur Pigou kujerar, yana ɗan shekara 30, aka tsallake tsohon abokinsa Herbert Foxwell, wanda bai yafe masa ba. Pigou ne ya faɗaɗa tunanin malaminsa kan ɓarna ko amfanin da ciniki ke jawo wa wanda ba ya cikinsa, tushen harajin gurɓata muhalli da ake magana a kai yau. Keynes kuma, wanda Marshall ya lallashe shi ya rungumi fannin, shi ne daga baya ya nuna cewa ƙasa baki ɗaya na iya daɗewa cikin rashin aikin yi ba tare da kasuwa ta gyara kanta ba.

Marshall ya yi ritaya ne don ya kammala juzu'i na biyu na babban littafinsa. Bai kammala ba. Tsoron kuskure da son gyara sun cinye masa shekaru. Ya fitar da juzu'in farko har sau takwas, na ƙarshe a 1920, kuma tun a bugu na shida, a 1910, aka cire alamar da ke nuna akwai ci gaba. Industry and Trade ya fito a 1919, yana da shekara 77. Na ƙarshe, kan kuɗi da bashi da ciniki, ya fito a 1923, lokacin da mantuwa ta riga ta kama shi, kuma Mary ce ta taimaka aka harhaɗa shi daga tsofaffin takardu, wasu na shekara hamsin. Ya rasu a gidansa a Kambirij ranar 13 ga Yulin 1924, saura mako biyu ya cika 82.

Ba a daɗe ba aka fara taɓa ginin daga ciki. A 1926 Piero Sraffa ya nuna cewa zanen gasa tsakanin ɗimbin ƙananan 'yan kasuwa ba ya tsayuwa idan babban kamfani na iya rage kuɗin samar da kaya gwargwadon girmansa, domin a ƙarshe zai haɗiye sauran. A 1933 aka fitar da littafin da ya tsara nazarin kasuwar da 'yan tsiraru ke juyawa, har da yanayin da mai saye guda ke fuskantar masu sayarwa da yawa, irin halin manomin da dillali ɗaya ne kawai ke isa ƙauyensa. Joan Robinson ce ta rubuta shi, mace, wadda ta karanta digirin da Marshall ya kafa, a jami'ar da har lokacin ba ta ɗauki mata cikakkun 'ya'yanta ba.

Mary ta miƙa littattafan mijinta ga jami'a, suka zama tushen ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa har yau. Ta yi kusan shekara ashirin tana zuwa can a kan keke, tana aikin sa kai, tana nemo wa ɗalibai littafi, sai da ta kusa shekara 90 likita ya hana ta. Ta rasu a watan Maris na 1944, tana da shekara 93. Kambirij ta fara ba mata cikakken digiri a 1948.